Matsayin Horon Jiki a Jinyar Mai Lalurar Laka

 

Magana ɗaya na zo da ita, kuma zan faɗe ta tun yanzu domin mai ja ya san abin da zai ja a kai. Idan mutum ya ji rauni a laka har ƙafafunsa suka shanye, ko ƙafafu da wani sashe na hannuwa, to horon jiki yana cikin maganinsa, sahu ɗaya da ƙwaya da allura da robar fitsari. Kuma abin da ya kamata a auna wannan horo da shi shi ne yawan abin da mutumin ya koma yana yi wa kansa, ko ya sake takawa ko bai sake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan lalura a duniya. A ƙasarmu Najeriya haɗarin mota da na babur ne kan gaba wajen jawo ta, sai faɗowa daga bishiya ko gini, da ruftawar rijiya ko ramin haƙar ma'adinai, da harbin bindiga. Akasarin waɗanda abin ke samu maza ne masu jini a jika, waɗanda gida ke ci daga guminsu.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan rauni. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda ta haura shekara 3,000, ta siffanta mutumin da ƙashin wuyansa ya goce, hannu da ƙafa suka daina motsi, fitsari na zuba bai sani ba, sannan ta sa shi cikin waɗanda likita ba zai sa musu hannu ba. Wannan hukunci ya zauna daram har ƙarni na 20. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya ba da rahoton cewa kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun mutu cikin makonnin farko. Abin da ya ci yawancinsu shi ne abin da ke biyo bayan raunin: gyambon kwanciya ya huda baya da ɗuwawu har ƙashi, ƙwayoyin cuta su hau daga mafitsara zuwa ƙoda, jini ya gurɓace. Wato gadon da aka kwantar da su domin su huta, shi ya ƙarasa su.

A watan Fabrairun 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila, tana shirin karɓar sojojin da za su ji rauni a farmakin da za a kai Turai, ta buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville kusa da garin Aylesbury. Ta damƙa shi ga Dokta Ludwig Guttmann, Bayahuden Jamus, likitan jijiyoyi da ya tsere wa mulkin Hitler a 1939. Guttmann ba shi da maganin da zai haɗa lakar da ta tsinke, kuma har yau babu mai shi. Abin da ya kawo tsari ne mai tsauri. A juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana. A fitar masa da fitsari cikin tsafta a kan lokaci. A daina dusar da shi da maganin barci. Da zarar ƙashi ya kama, ya tashi zaune, ya shiga ɗakin sana'a ya koyi kafinta ko gyaran agogo ko buga tafireta. Sannan ya yi atisaye, ba da zaɓinsa ba, domin atisayen na cikin abin da likita ya rubuta. Wani sajan mai horar da sojoji da ake kira Hill shi ke jefa musu ƙwallo mai nauyi suna cafewa tun suna kan gado. Daga baya suka fara buga holo a kan kekunansu da sandunan dogarawa, da wasan ya cika karo da juna aka koma jefa ƙwallo a raga, aka kuma kawo baka da kibiya.

Harbin kibiya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ake ganin cewa likita ne ya zaɓi wasan, ba mai neman nishaɗi ba. Akwai wata faffaɗar tsoka a gadon baya wadda ta taso daga ƙashin ƙugu ta haura ta liƙe a saman damtse. Jijiyar da ke motsa ta daga wuya take fitowa. Saboda haka mutumin da lakarsa ta tsinke a tsakiyar baya, wannan tsoka tana nan da ranta, kuma ta ratsa ta kan sashen da ya shanye ta riƙe ƙugu. Idan aka ƙarfafa ta, mai ita zai iya zama a miƙe ba tare da ya kife ba, ya ɗaga ƙugunsa da hannuwansa ya koma daga gado zuwa keke. Jan tsirkiyar baka yana gina wannan tsoka tare da na kafaɗa, yana kuma koya wa mutum daidaita zamansa. Ran 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, mutum 16 masu raunin laka, maza 14 da mata 2, suka yi gasar harbi a filin asibitin. A 1952 'yan Holan suka zo aka yi da su. A 1960 aka kai wasannin birnin Rum da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23, kuma daga nan ake ƙirga gasar Paralamfik. Duniya ta riƙe labarin lambobin zinariya. Ni abin da nake so mu riƙe shi ne cewa wannan gasa daga ɗakin jinya ta fito, kuma mutanen da a da ake ba su makonni sun koma gidajensu, sun kama aiki, sun tsufa.

Me ya sa jikin da ya ji irin wannan rauni ke buƙatar horo fiye da na mai lafiya? Manyan tsokokin ɗan Adam a cinya da ɗuwawu suke, kuma suna ƙona kaso mai yawa na abincin da muke ci. Idan suka daina aiki sai su zube cikin watanni, kitse ya maye gurbinsu, ko da a ido mutum bai yi ƙiba ba. Daga nan ciwon suga da na zuciya ke samun ƙofa, shi ya sa a ƙasashen da suka shawo kan gyambo da ciwon ƙoda, ciwon zuciya ya shiga sahun gaba na abin da ke kashe masu lalurar laka. Wannan ke nan ta fuskar tsawon kwana. Ta fuskar rayuwar yau da gobe kuwa, lissafin ya fi sauƙi. Mai tura keke da hannu yakan ɗaga jikinsa daga wuri zuwa wuri sau goma sha wani abu a yini: gado zuwa keke, keke zuwa banɗaki, keke zuwa abin hawa. In hannunsa na da ƙarfi kuma ya ƙware, shi kaɗai zai yi. In babu, kowane ɗagawa sai an kira mutum biyu, kuma mun san su waye mutum biyun nan: matarsa ce da ƙaninsa, ko uwarsa da ta manyanta. Ƙarfin damtsensa shi ne lafiyar bayan matarsa, shi ne kuma ke yanke hukuncin ko yaron gidan zai je makaranta ko zai zauna jiran a kira shi.

A 2018 wani ayarin masana daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathleen Martin Ginis ta Kanada, ya tace binciken da aka yi ya fitar da mafi ƙarancin abin da ke amfani. Domin ƙarfin jiki da na numfashi: minti 20 na motsi mai sa haki sau biyu a mako, tare da atisayen ƙarfafa kowace babbar tsokar da ke aiki, zagaye uku, shi ma sau biyu a mako. Domin kare zuciya da daidaita suga: minti 30 sau uku a mako. Ku dubi ƙanƙantar wannan adadi. Bai kai lokacin da ake ɓatawa a layin karɓar kati ba.

To amma a nan ne zan ja kunnen masu kishi, domin jikin mai lalurar laka ya sauya dokokinsa, kuma kocin da bai san sababbin dokokin ba zai iya yin kisa da kyakkyawar niyya. Abu na farko da zai tambaya shi ne gurbin raunin. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, na tsakiyar baya goma sha biyu, na ƙugu biyar, kuma tazarar gaɓa ɗaya kan raba rayuwa biyu. Wanda rauninsa ke daidai gaɓa ta 6 ta wuya yana iya ɗaga wuyan hannunsa amma ba ya iya miƙe gwiwar hannu da ƙarfi. Wanda nasa ke ta 7 yana iyawa, kuma wannan miƙewar ita ce jarin ɗaga jiki. Wanda rauninsa ke wuya, zuciyarsa ba ta cika wuce bugu 120 zuwa 130 a minti ba komai wahalar da ya sha, don haka kocin da ke jiran bugun zuciya ya hau kafin ya ce a huta zai gajiyar da shi har ya faɗi. Gara a auna da numfashi: yana haki amma yana iya magana a gutsure. Sai babban haɗari ga duk wanda rauninsa ke gaɓa ta 6 ta tsakiyar baya ko sama da haka. Idan mafitsara ta cika, ko robar fitsari ta lanƙwashe, ko bayan gida ya taru, ko takalmi ya matse, jiki ba ya jin zafin, sai ya mayar da martani da hawan jini na farat ɗaya: kai ya sara, fuska ta yi zufa, hanci ya toshe. Wannan kan iya fasa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Abin da al'adarmu ta koya mana idan mutum ya ce kansa na juyawa shi ne a kwantar da shi, kuma a wannan hali kwantarwar ita ce kuskure. Zaunar da shi ake yi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba robar fitsari, in bai sauka ba a garzaya asibiti.

Akwai kuma zafi, wanda littattafan Turai ke ba wa layi biyu, mu kuwa ya kamata mu ba shi babi. Sashen jikin da ya shanye ba ya zufa yadda ya kamata. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40, wanda rauninsa ke sama zai iya dafuwa yana zaune. Lokacin atisayensa bayan sallar asuba ne ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, da tsumma mai ruwa a wuya da ruwan fesawa a fuska, a kuma daidaita shan ruwa da lokutan fitar fitsari. Ƙashin ƙafa shi ma yana zubewa da sauri a shekara biyun farko, musamman kusa da gwiwa, har mai miƙar da ƙafa da ƙarfi zai iya karya ta majinyaci bai ji ba. Fata kuwa dole a duba ta da madubi bayan kowane atisaye, a kuma riƙa sunkuyawa gaba ko karkata gefe na kamar minti biyu domin jini ya koma wa mazauni. Sai kafaɗa. Ba a halicce ta don ɗaukar nauyin mutum ba, ga shi an ɗora mata aikin ƙugu. Tura keke yana gina tsokar ƙirji ya bar ta baya a raunane, kafaɗa ta ranƙwafo, ciwo ya shiga. Saurayin da ya shiga gidan ɗaga ƙarfe ya dage da turawa kawai yana ƙara wa wannan karkata nauyi ne. Abin da yake buƙata ja ne: jan roba zuwa ƙirji, matse allunan kafaɗa, buɗe ƙirji. Wani gwaji da aka buga a 2011 daga asibitin Rancho Los Amigos na Amurka ya nuna cewa mako 12 na irin wannan atisaye a gida, tare da gyara yadda ake tura keke da ɗaga jiki, ya rage ciwon kafaɗa ƙwarai.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce: malam, kana maganar atisaye ga mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin aiki, wanda robar fitsari ma sai an yi karo-karo. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Amma a dubi inda kuɗin ke tafiya bayan sallama daga asibiti. Gyambo ɗaya da ya zurfafa yana cin watanni na wanki da bandeji da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci har da tiyata. Mutumin da ke iya juya kansa da dare, ya ɗaga jikinsa ba tare da ya goge fata a bakin keke ba, ya rage wa kansa wannan haɗari. Kayan aikin kuma ba sai na kanti ba: tsohuwar robar cikin tayar keke a ɗaure a tagar ƙarfe, gorar ruwa a cika da yashi, igiya a rataya a azara. Har ma a ƙasashe masu kuɗi, an yi wani gwaji, da aka buga sakamakonsa a 2006, a cibiyoyi shida na Amurka da Kanada, tsakanin na'ura mai tsada da ke rataye majinyaci a kan bel mai tafiya da koyar da tafiya a ƙasa da hannun ma'aikata, ga waɗanda lakarsu ba ta tsinke duka ba. Ba a sami bambanci ba.  Abin da talaka ya rasa ilimi ne da mai bibiya, kuma waɗannan sun fi na'ura araha.

Na biyu ba ya faɗa da baki, amma shi ya fi yawa. Shi ne wanda ke cewa a ransa: bari ya warke tukuna. Koyon keke a wurinsa sallamawa ne, don haka sai a ajiye keken a zaure, a bi masu ɗori da masu tofi da duk wanda ya yi alkawarin tayar da shi cikin kwana arba'in. Ina girmama wannan fata, domin ƙauna ce ta haife ta. Kuma gaskiya ne cewa da yawa daga waɗanda lakarsu ba ta tsinke duka ba suna sake takawa, mafi yawan farfaɗowar kuma a watanni shida zuwa shekara ɗaya na farko take zuwa. Gaskiya ne kuma cewa a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch sun dasa wa wasu 'yan tsirarun mutane na'urar da ke zaburar da laka da lantarki har suka taka. Sai dai waɗannan mutane sun yi watanni suna horo mai tsanani kafin takun ya samu, kuma ba a ɗaukar mai gyambo ko wanda gaɓoɓinsa suka ƙage a irin wannan gwaji. To ko wanda duk burinsa takawa ne, hanyarsa ta cikin horo ta bi. Wanda aka kwantar shekara biyu ana jira, idan jijiyar ta farfaɗo za ta tarar da gwiwa ta sandare da tsokar da ta zube. Wanda kuma lakarsa ta tsinke ɗungurungum, an cinye masa shekara biyu da zai yi amfani da su ya koma kasuwa. Jan wuya ko danna baya da mai ɗori zai yi a kan ƙashin da bai kama ba kuwa, yana iya ƙarasa tsinka abin da haɗarin ya bari.

Na uku zai kawo maganar ƙaddara da haƙuri. Babu musu a kan ƙaddara. Amma malamanmu sun fi ni sanin abin da ya zo a Bukhari game da Imrana ɗan Husaini, wanda rashin lafiya ta dame shi ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, aka umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Ba a sauke masa aikin ba, siffar aikin aka sauya gwargwadon abin da jikinsa ke iyawa. Wannan ita ce ƙa'idar da horon mai lalurar laka ya ginu a kanta. Kuma mutumin da ya koma iya yin tsarki da alwala da kansa, ba wanda zai ce haƙurinsa ya ragu.

Saura tambayar wa zai horar. Likitan gashin ƙashi shi ne tushe, kuma ba a fara komai sai likita ya tabbatar ƙashi ya kama. Amma ma'aikatan gashi kaɗan ne, suna birane, kuma jinyarsu na ƙarewa a ƙofar asibiti, alhali rayuwa a can take farawa: dokin ƙofar zaure, yashin lungu, kwatar da ta ratsa hanya, masai na tsugunno. A Suwidin, a 1976, wasu 'yan wasa masu lalurar laka suka fara shirya sansanoni inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi tura keke, ɗaga ƙafafun gaba a haye tudu, sa tufafi, kula da mafitsara, har da maganar aure da ba a iya yi da likita. Tsarin ya bazu zuwa Folan, ya iso har Botswana a Afirka. Hikimarsa a fili take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mai ƙafa ya ce za ka iya, majinyaci zai yi masa shiru na ladabi. Idan mai shekara goma a keke ya sauka ƙasa ya hau kekensa a gabansa, gardama ta ƙare. Mata sun fi kowa buƙatar wannan, domin macen da ta ji rauni ba za ta je filin wasa gaban maza ba, ba kuma za ta tambayi namiji yadda za ta yi da al'ada ko juna biyu ba. Dole a horar da mata masu lalurar su shiga gida gida.

Muna da abin da za mu gina a kai. Najeriya ta yi suna a ɗaga ƙarfe a gasar Paralamfik, kuma ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu a kan allo mai taya a ƙasar nan aka ƙirƙiro ta. Sai dai a yi hattara, domin yawancin waɗannan gwanaye shan inna ne ya same su, kuma mai shan inna yana jin fatarsa. Idan katako ya dame shi zai gyara zama. Mai lalurar laka ba ya ji. Allon da ɗaya ke wasa a kai cikin nishaɗi zai iya buɗe wa ɗayan gyambon da zai kwantar da shi shekara. Haka keken hannu mai ƙafa uku da maƙeranmu ke haɗawa: yana da kyau a titi, yana ma motsa zuciya, amma mazauninsa na katako ba na mai lalurar laka ba ne sai da matashi na musamman, kuma ba ya shiga ɗaki ko banɗaki. Don haka ƙwarewar da muke da ita sai an ƙara mata wannan ilimi kafin a miƙa ta.

Jami'ar Bayero tana koyar da gashin ƙashi, tana kuma koyar da ilimin motsa jiki, kwalejojin ilimi ma suna yaye malaman motsa jiki duk shekara. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan, haka na Igbobi da na Inugu. Gajeren kwas da zai haɗa waɗannan malamai da tsofaffin masu lalurar laka a ƙarƙashin kulawar likitocin gashi abu ne da kowace jiha za ta iya ɗauka. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika a 2024, don haka filayen wasa da ɗakunan motsa jiki na gwamnati ba su da sauran uzuri. Kafin duk wannan ya samu, akwai abin da kowane asibiti zai iya farawa a makon nan: kada a sallami mai raunin laka sai takardar sallamarsa na ɗauke da gurbin rauninsa, da atisayen da zai yi da adadinsa, da alamomin da za su sa ya tsaya nan take, a rubuce da Hausa, an kuma gwada su a gaban wanda zai yi jinyarsa a gida.